Bargon gashin agwagwa zai iya zama jakar barci? Amsoshin tambayoyinku

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa tambayoyin bargo suka yi yawa. Na ware waɗanda suka taru a kan abu guda, wato bargon nan mara nauyi da ake cusa wa tattausan gashin ƙirjin agwagwa ko na dinya, da yadda matafiyi zai mayar da shi jakar barci.

Assalamu alaikum. Aikina awon filaye ne, nakan kwana a ƙauyukan Filato da Taraba, yau a ajin makaranta, gobe a barandar masallaci. Na sayi wani bargo na gwanjo a kasuwar Katako, yadinsa kamar na laima, cikinsa gashin agwagwa, bai kai rabin kilo ba. Faɗinsa inci 60, tsawonsa inci 70. Telana ya ce a ninka shi biyu a sa masa dogon zif tun daga ƙafa har wuya. In ba shi, ko in tara kuɗi in sayi jakar barci ta kanti? Mai karatu daga Jos.

Wa alaikumus salam. Malam, ka kai wa telan, amma ba aikin da ya faɗa zai yi maka ba. Dogon zif ɗin nan ɓarnar kuɗi ne, kuma zai iya lalata maka bargon.

Gashin da ke ciki ba shi da wani zafi na kansa. Aikinsa shi ne ya kumbura ya riƙe iska a tsakaninsa, jikinka ya ɗumama iskar, ita kuma ta kasa tserewa. Kaurin kumburin shi ne ɗumin. Duk gashin da ka kwanta a kansa ka danne shi, ya zama shafal, ba ya tsare komai. Idan aka ninka bargon aka zuge, kusan rabin gashin da ka biya kuɗinsa yana ƙarƙashin bayanka yana zaman banza. Wannan ne ya sa masu doguwar tafiyar ƙafa a duwatsun Amurka da yawa suka bar jaka mai zif suka koma bargo mai rufaffiyar ƙafa, buɗaɗɗen baya. Wani matafiyi mai suna Ray Jardine na cikin waɗanda suka yaɗa dabarar a shekarun 1990, yanzu kuma kamfanoni na ƙera irinsa suna sayarwa da tsada. Kai ka samu naka a gwanjo, ɗan gyara kawai ya rage.

Ga kuma maganar faɗi. Inci 60 santimita 152 ke nan. Ka tsaya ka sauke hannuwanka, wani ya zagaya tef ta kafaɗunka da damatsanka, ka ƙara wurin juyi da na rigar sanyi. Za ka ga babban mutum ya cinye faɗin nan kaf, tun kafin ɗinkin zif ya ci nasa rabon. Jakar da ta matse mutum tana danne gashin ta gwiwa da kafaɗa da ƙugu, sanyi kuma ta nan yake shiga. Sannan yadin siriri ne ƙwarai, haƙoran zif suna cafke shi, a cikin duhu ka ja da ƙarfi ka yage shi.

Awon da ka faɗa daidai yake da na wani bargo da kantunan Costco na Amurka suka riƙa sayarwa a kan kusan dala 20, mai suna Double Black Diamond, wanda masu ɗinkin kayan tafiya a gida suka yi ta juyawa zuwa kayan kwanan daji. Ko shi ne ko ɗan'uwansa ne, halinsu ɗaya. An ɗinke yadin sama da na ƙasa a haɗe, aka fitar da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu. A kan kowane layin ɗinki babu gashi ko ɗaya, yadi biyu ne kawai tsakaninka da iska. Ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga layukan suna haske. Jakunkuna masu tsada ba haka ake yinsu ba, akan sa siririn yadi a tsaye tsakanin sama da ƙasa, gashin ya samu kauri ɗaya ko'ina. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin naka na daren da sanyi bai sauka ƙasa da digiri 10 zuwa 12 ba ne, shi ma kana sanye da riga mai dogon hannu da safa. Ɗinki ba zai ƙara masa gashi ba. Abin da ɗinki zai yi shi ne ya toshe ƙofofin da iska ke bi ta shigo, kuma ƙofofin nan uku ne, ƙafa da wuya da gefe.

Ƙafar ce babba. Tela ya yanko ƙyalle mara nauyi mai faɗin yatsu uku, ya yi ƙubaka kamar ta wando, ya ɗora ta a kan bakin bargon na ƙasa. Ya bi ta kan tsohon kalmasan da ke gefen, kada allura ta shiga gidajen gashin. A zura mazagi. Daga nan a haɗa gefen hagu da na dama tun daga ƙasa zuwa sama kamar santimita 50, wato zuwa bayan gwiwarka, da maɓallin dannawa huɗu ko biyar. Idan lallai ranka na son zif, to gajere a nan wurin, mai ƙananan haƙoran roba, a sa masa ƙyalle mai ɗan tauri a gefe don kada ya ci yadin. Ni na fi son maɓalli, domin ranar da aka yi zafi sai ka ɓalle ka shimfiɗa shi bargo yadda yake. In ka tsuke mazagin ɗan rami zai rage a tsakiya, ka cusa safa ɗaya a ciki.

A wuya ma ƙubaka ce, amma da igiyar roba mai miƙewa, da maɓalli guda da zai haɗa kusurwoyin biyu a bayan wuyanka. Gefe kuwa, a ɗinka 'yan madaukai biyu a kowane ɓangare, ɗaya daidai ƙugu ɗaya daidai ƙirji, ka ratsa roba ta ƙarƙashin shimfiɗarka ta kama su. In ka juya cikin dare bargon ba zai ɗage ya sha iska ba.

Tsawon shi ne inda za ka iya jin haushi. Inci 70 santimita 178 ne, tsuke ƙafa kuma zai ci santimita 10 zuwa 15. Idan tsayinka ya wuce mita ɗaya da santimita 65, kafaɗarka za ta riƙa leƙowa. Maganinsa shi ne a fasa mazagi, a yanko da'ira mai faɗin santimita 30 daga tsohuwar rigar sanyi mai gashi a ɗinke ƙasan da ita, ƙafarka ta samu ɗaki ba tare da an ci tsawo ba. Wasu sukan zauna su farke duk layukan da suka gitta, su bar na tsaye. Yin haka yana ƙara ɗan tsawo, yana rage layukan sanyi da rabi, gashin kuma ya fi sakewa ya tashi. Sai dai aiki ne na haƙuri, kuma bayan an yi shi gashin yakan gangara ya taru a ƙafa, kullum sai ka girgiza shi ya dawo ƙirji. Ban ba ka shawarar farawa da wannan ba. Ka kwana da shi tukuna ka ga inda sanyi ke cizonka.

Kuɗin da ka yi niyyar tarawa, ka sa su a shimfiɗa. Simintin aji yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iskar ɗakin, kuma tabarmar roba ko darduma ba ta hana shi. Nemi shimfiɗar soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, irin wanda ake naɗewa, mai kaurin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Na kanti sukan zo da wata lamba da ake rubutawa da harafin R, wadda ke nuna ƙarfin tsare sanyin ƙasa. Mai lamba 2 ya ishe ka. Ka haɗa da hular sanyi, tunda bargon ba shi da abin rufe kai.

Da wannan shirin za ka kwana lafiya a yawancin dararen Jos, inda sanyin Disamba da Janairu kan sauko wajen digiri 10, in ban da 'yan dararen da yake wuce haka, su kuma sai ka kwana da rigar sanyinka. Taraba ce ke son lura. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, tsaunin Mambila kuwa ya fi Jos tudu, ga raɓa da hazo. Gashin agwagwa in ya jiƙe dunƙulewa yake ya daina aiki, kuma ba ya bushewa da wuri. A Gembu, garin da ke kan tsaunin, cikin ɗaki ba matsala. Idan aikin zai kai ka kwana a fili ta wajen Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya da mita 2,419, wannan bargon shi kaɗai ya yi kaɗan. Ko yaushe ka sa shi cikin leda mai kauri kafin ya shiga jakarka.

Ni tela ne. Wani ya kawo mini irin bargon nan in rage masa faɗi ta ƙafa. Ina sa almakashi gashi ya cika shago, har a cikin shayi. Wanda na ɗinka kuma gashi na fita ta ramin allura. Yaya ake yi? Mai karatu daga Fagge, Kano.

Sannu da aiki, maigida. Ka'idar ita ce a ɗinka kafin a yanka. Ka ja layin da alli, ka bi shi da tafin hannu kana tura gashin gefe da gefe har wurin ya zama yadi zalla. Sai ka yi ɗinki biyu a jere, tsakaninsu kamar santimita ɗaya, ka yanka a tsakiya. Kowane ɓangare ya fita a rufe. Yadin na roba ne, yana zarewa, don haka ka naɗe bakin da ƙyalle, ko ka gitta shi da sauri ta gefen harshen kyandir ya ɗan narke. Ka fara gwadawa a guntun da aka yar, domin yadin nan ba ya jira.

Fitar gashi ta rami laifin allura ne. Lamba 14 ko 16 da kake ɗinka shadda da ita ta yi masa girma. Sa sabuwa mai lamba 9 ko 10, da siririn zaren roba, ka buɗe takun keken ya zama kamar milimita 3. Taku ƙanana suna jera ramuka kusa da juna har yadin ya tsage a kan layin. Kada ka kafa fil, ka kama da abin maƙale shanya. In yadin na sulɓewa ƙarƙashin ƙafar keke, shimfiɗa takardar jarida a ƙasansa ka ɗinka tare, ka yage ta daga baya. Tsohon keken Butterfly na ƙafa ya fi mai lantarki daɗin wannan aikin, saboda kai ke da iko da gudunsa. Kashe fanka, ajiye kwanon ruwa kana jiƙa yatsu. Dutsen guga kuwa kada ya kusance shi.

Ka gaya wa mai kayan, in ya ga gashi ya leƙo kada ya fizge shi. Fizgar tana faɗaɗa ramin, wani ya biyo. Ya kamo shi ta bayan yadin ya mayar ciki, ya murza wurin da yatsa.

Ina da bargon gado na gashin agwagwa da yayata ta aiko mini daga Ingila, an rubuta 135 x 200 da 10.5 tog. Zan tafi karatu Jamus, kuma ina son in zaga wasu garuruwa lokacin hutu ina kwana a masaukin ɗalibai mai araha. In mayar da shi jakar barci? Wata ɗaliba daga Zariya.

Ƙanwata, bar bargon nan a kan gado. Lambar tog ma'aunin ɗumi ce ta Ingila, 4.5 na bazara, 13.5 na tsakiyar sanyi, naki yana tsakani, bargo ne mai kyau. Amma na ɗaki ne. Yadinsa auduga ce, tana da nauyi, tana shan danshi, kuma ko kin danne shi zai cinye miki rabin akwati. Faɗin santimita 135 ma bai isa a zagaye mutum da shi a rufe ba.

Abu na biyu, masaukan da kike nufi suna ba da zanin gado da bargo, da yawansu ma sun hana shiga da jakar barci saboda tsoron kuɗin cizo, wanda ke bin kayan matafiya daga gari zuwa gari. Abin da zai amfane ki shi ne 'yar jakar zani. Ki sami yadi mara nauyi, a ninka shi a ɗinke ƙasa da rabin gefe, ki riƙa shiga ciki kafin ki ja bargonsu. Ɗakunan kwanan da ke kan duwatsun Alps na Turai ma irinta suke sharɗanta wa baƙo ya zo da ita. Kowane tela a Tudun Wada zai yi miki ita kafin la'asar, kuma ana wanke ta kamar kowane zani.

Mu huɗu ne za mu hau dutsen Kilimanjaro. Idan na haɗa irin bargon nan guda biyu, ɗaya kan ɗaya, zai yi? Mai karatu daga Abuja.

Ba zai yi ba, ɗan'uwa, kuma ba wurin gwaji ba ne. Kilimanjaro mita 5,895 ne. Sansanin Barafu, inda masu bin wasu hanyoyin ke kwana kafin hawan ƙarshe, ya haura mita 4,600, dare a can yana sauka ƙasa da sifili, ga iska, ga jiki a gajiye, ga numfashi na wahala. Bargo biyu in aka goce layukan ɗinkinsu ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, zai kai ka 'yan digiri sama da sifili, amma ba shi da rufin kai kuma gefensa a buɗe yake.

Ka yi haya. Kamfanonin da ke kai mutane dutsen daga garuruwan Moshi da Arusha na Tanzaniya suna ba da hayar jakar barci ta sanyi mai tsanani, ka tafi da jakar zaninka ka sa a ciki saboda tsabta. In kuma saye za ka yi, duba ko an gwada ta bisa ma'aunin ISO 23537, wanda ya gaji na Turai mai lamba EN 13537. Za ka ga lambobi uku a jikinta. Ta farko, Comfort, ita ce sanyin da mai saurin jin sanyi zai yi barci a cikinsa a sake. Ta biyu, Limit, ta namiji ce da ya dunƙule jikinsa. Ta ukun, Extreme, ba ta barci ba ce, iyakar da ake fatan mutum ya kai safiya da rai ce, kuma ita ce wasu 'yan kasuwa ke bugawa da manyan haruffa. Wanda ya tashi a zafin ƙasarmu ya yi aiki da ta farko kawai.

Ɗana ya ce in sayi jakar barci ta gashin agwagwa saboda kwanan Muzdalifa. Ya dace? Wani maniyyaci daga Maraɗi.

Baba, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Ka riƙe kuɗinka. A 'yan shekarun nan aikin Hajji yana faɗowa ne a watannin Mayu da Yuni, lokacin da daren Makka kansa zafi ne da shi, ƙasa da kwalta suna ta fitar da zafin da suka sha da rana. Kowace shekara lokacin yana matsowa baya da kusan kwana 11, don haka da sauran shekaru kafin ya koma cikin sanyi. Abin da zai dame ka a Muzdalifa tsakuwa ce da taurin ƙasa. Shimfiɗar soso mai naɗewa da zani mara nauyi sun wadatar, ga sauƙin ɗauka a cikin cunkoso. Ka tuna kuma namiji mai harami ba ya rufe kansa, jakunkunan kanti kuwa yawanci da hularsu suke zuwa. Hukuncin shiga cikin jakar kanta, ka tambayi malaman bita.

Ta yaya zan gane na gaske a gwanjo, kuma yaya ake wanke shi? Wata mai karatu daga Kaduna.

Hajiya, fara da takardar da ke gefe. Za ki ga lamba biyu kamar 90/10 ko 80/20. Ta farko kason tattausan gashin ne, ta biyu na gashi mai ƙara. In kin ga 50/50 ko ƙasa da haka, na matashin kai ne, ba na tafiya ba. Wani lokaci akwai wata lamba tsakanin 550 da 900, ita ke nuna yawan kumburin gashin. Daga 650 zuwa sama ya yi kyau. In takardar ta goge, hannu zai gaya miki. Ki damƙe wani gida ki saki. Na gaske yana shigewa cikin tafin hannu kamar babu komai, sannan ya taso a hankali. In kin ji tsinke-tsinke suna sukar ki, gashi mai ƙara ya yi yawa. In kuma kin ji shi shimfiɗe kamar fallen soso, na roba ne. Na roba ba abin ƙi ba ne, ya fi jure ruwa, sai dai ya fi nauyi kuma kada a sayar miki da shi a kuɗin na agwagwa. Kayan dila sun daɗe a danne, ki girgiza shi sosai kafin ki yanke hukunci. Ki sansana kuma. Warin fumfuna ba ya fita, ki ajiye musu abinsu.

Wanki ba a yawaita shi, sau ɗaya a shekara ya isa in ana sa jakar zani a ciki. Ruwa mai ɗumi-ɗumi a babban baho, da sabulun ruwa mara ƙarfi kaɗan. Omo da ruwan bilic suna cire man da ke jikin gashin, ya bushe ya karye. Ki danna shi a hankali, ki ɗauraye har ruwan ya fita fes, kada ki murɗe. Wurin ɗagawa ki tallabo shi gaba ɗaya, domin nauyin ruwa na iya tsinka ɗinkin. Ki shimfiɗa shi a inuwa inda iska ke wucewa, kina zuwa kina warware dunƙulen da yatsu. Zai iya ɗaukar kwana biyu ko uku, shi ya sa wankinsa na rani ne, ba na damina ba. Mai injin busar da kaya ya sa a zafi mafi ƙanƙanta tare da ƙwallon tanis biyu ko uku su riƙa bugun dunƙulen.

'Yar jakar da ake cusa shi ta hanya ce kawai. A gida ki sa shi a sake cikin babbar rigar matashi ko buhun atamfa, a saman kabad inda danshi ba ya kaiwa, kuma kada a ɗora masa akwati.